Taron baje-kolin gem bai yi armashi ba, in fasa sayen sabuwar na'ura?

Wani matashi mai shagon gem a Ɗorayi ne ya turo min wannan tambayar. Ya ce wata takwas ke nan yana tara kuɗin ƙaro sabuwar na'ura a shagonsa, sai kamfanin da yake bi ya yi taronsa na baje-koli, shi kuma ya hana idonsa barci ya kalla har ƙarshe. Bai ga komai ba sai tireloli, wato gajerun bidiyon talla, na wasannin da ko ranar fitowa ba a sa musu ba. Gari na wayewa ya leƙa YouTube da X, ya tarar kowa yana ta antaya wa kamfanin zagi, wasu har suna cewa tasa ta ƙare. Shi ne yake tambaya ko ya fasa sayen, ko ya canja sheƙa zuwa wani kamfanin, ko kuwa ya daure.

Ƙanena, a makon nan dai kada ka taɓa kuɗin, kuma kada ka sayar da ko hannun gem guda. Na shiga wannan harkar tun ana buga Winning Eleven a PlayStation ta farko, yau sama da shekara ashirin ina sayarwa ina gyarawa, kuma irin daren da ka yi na yi shi ba adadi. Ihun da ake yi bayan taro iri biyu ne, sai dai daga nesa muryarsu ɗaya. Akwai ihun wanda ba a nuna masa abin da ya kwana yana buri ba, akwai kuma ihun wanda aka zo za a ƙwace masa abin da yake hannunsa. Na farkon da wuya ya kai sati biyu. Na biyun shi ne yake taɓa aljihun mai shago a Kano, shi ne kuma yake sa kamfani ya lashe amansa.

Bari in fara maka da na biyun, domin ba zan manta da watan Yuni na 2013 ba. A E3 na shekarar, babban taron baje-kolin gem da ake yi a lokacin a birnin Los Angeles, Microsoft ta ce sabuwar Xbox One dala 499 ce. Farashin ba shi ne babban laifin ba. Kwanaki kaɗan kafin taron ta riga ta bayyana cewa dole na'urar ta hau intanet sau ɗaya a duk awa 24, in ba haka ba wasanni su daina buɗewa, har wanda kai kaɗai kake bugawa a ɗakinka. Faifan da ka saya da kuɗinka ma ba za ka sayar wa wanda ka ga dama ba, sai ta hannun dillalan da aka amince da su, kuma in aboki za ka ba wa, sau ɗaya tak, shi ma sai ya yi kwana 30 a jerin abokanka. Da aka tambayi shugaban sashen Xbox na lokacin, Don Mattrick, yaya waɗanda ba su da intanet za su yi, sai ya ce ai akwai Xbox 360, su zauna a kanta.

Ka auna wannan da Kano ta wancan lokacin. Modem muke soka wa kwamfuta, sabis yana zuwa yana ɗaukewa. Kusan duk faifan da ke yawo tsakanin Sabon Gari da Beirut Road na hannu ne, wani ya buga ya gama a Dubai ko Ingila aka kawo. Yaro ya gama God of War ya kawo maka, ya cika 'yan kuɗi ya ɗauki wani. Da wannan dokar ta zauna, rabin sana'armu ta tafi.

Taron Sony kuwa ƙarfe shida na yamma aka yi shi a can, wato biyun dare a nan. Mu huɗu ne a shago, janareta na ta ƙugi a waje, hoton yana tafiya yana tsayawa. Da shugaban PlayStation na Amurka a lokacin, Jack Tretton, ya tsaya ya ce sabuwar na'urarsu PS4 za ta karɓi faifan hannu, kuma ba ta buƙatar hawa intanet kullum, tafin da aka ɗauka a zauren ya daɗe bai tsaya ba, mu ma muka miƙe tsaye kamar an ci ƙwallo. Aka ce kuma dala 399. A daren suka saki wani ɗan bidiyo da bai kai rabin minti ba, wai ga yadda ake ba aboki aron wasa a PS4: jami'in Sony Shuhei Yoshida ya miƙa wa abokin aikinsa Adam Boyes faifai, shi kuma ya ce na gode. Shi ke nan. Ranar 19 ga Yuni, kwana tara bayan taron, Microsoft ta soke dokokin gaba ɗaya, a watan Yuli kuma Mattrick ya bar kamfanin. Duk da haka tabon bai goge ba, domin PS4 ta sayu sama da miliyan 117, Xbox One kuwa ba ta kai rabin haka ba.

Wannan fushin yana da tushe, shi ya sa ya yi aiki. To yanzu ka koma ka tambayi kanka: a taron da ka kalla, an ce za a hana ka wani abu ne? An ƙara kuɗi? An cire ramin faifai? An ce wasan ƙwallon shekara mai zuwa ba zai hau na'urorin da ke shagonka ba? Daga bayaninka ban ji ko ɗaya ba. Abin da na ji shi ne ba su nuna abin burgewa ba, kuma wannan ɗaya nau'in ke nan.

Shi kuwa tarihinsa ya nuna ba ya kashe kamfani. A E3 na 2006 Sony ta sha dariyar duniya da ta ce babbar PS3 dala 599 ce. Shekara biyu zuwa uku ta yi tana jan ƙafa, sannan a 2009 ta fito da siririyar a dala 299, ta ƙare da sayar da kusan miliyan 87, kafaɗa da kafaɗa da Xbox 360. Har yau akwai shagunan unguwa da PS3 ce take ciyar da su. Nintendo ma a 2008 ta hau dandali ta ɓata lokaci a kan Wii Music, masoyanta suka ce ta watsar da su, amma Wii ta haura miliyan 100. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na 2001, da ta nuna sabon Zelda da zane irin na katun. An zage shi tas tun kafin kowa ya taɓa shi. Da The Wind Waker ya fito aka buga, sai ga shi yau ana lissafa shi cikin mafiya kyau a jerin.

Ka juya abin kuma. Taron da aka fi yi wa tafi ba shi ne yake cika alkawari ba. Ubisoft ta nuna Watch Dogs a 2012 kowa ya riƙe baki, da ya fito a 2014 hotonsa bai kai wanda aka nuna ba. Cyberpunk 2077 kuwa har Keanu Reeves aka hawo da shi dandali a 2019, zauren ya kusa tsagewa. Da ya fito a Disamba 2020, a PS4 da ƙyar yake motsi, har Sony ta cire shi daga kantinta na intanet ta mayar wa mutane kuɗinsu, bai dawo ba sai Yuni 2021. Bakano ai ba sai an yi masa dogon bayani ba, hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tirela talla ce. Wata ma ba daga cikin wasan aka ɗauko ta ba, fim ne aka haɗa daban a babbar kwamfuta, shi ya sa nake gaya wa yarana su riƙa duba ɗan rubutun da ake sa wa a ƙasan allo, su kuma lura ko an ga hannun mutum yana juya wasan ko kuwa kyamara ce kawai take shawagi. Wani lokacin ma suna kaɗai ake nunawa. Nintendo ta haska sunan Metroid Prime 4 a 2017, a Janairu 2019 ta fito ta ce ta rushe aikin za a faro daga tushe. Bethesda ta nuna sunan The Elder Scrolls VI a 2018, aka shafe shekaru ba wanda ya ga komai. Wanda ya sayi na'ura saboda irin waɗannan ya yi cinikin biri a sama.

Akwai abin da ya kamata ka sani game da tarukan nan su kansu. Tun asali ba don mai buga gem aka ƙirƙire su ba. An fara E3 a 1995 ne don manyan dillalai da 'yan jarida, kamfani ya nuna hajarsa, mai kanti ya yanke yawan da zai saro kafin cinikin ƙarshen shekara. Sai a 2017 aka fara sayar wa jama'a tikitin shiga. Kamar baje-kolin da ƙungiyar 'yan kasuwar Kano, KACCIMA, take shiryawa duk shekara a Zoo Road ne: kai ka je kallo da sayen 'yan kayayyaki, mai rumfar kuwa idonsa yana kan ɗan kasuwar da zai ɗauki kwali ɗari. A wancan taron farko ne ma aka yi abin da har yau ake ba da labari. Sega ta ce na'urarta Saturn dala 399, sai wani jami'in Sony mai suna Steve Race ya hau mumbari ya ce "299", wato farashin PlayStation, ya sauka. Magana ce ta farashi da 'yan kasuwa, kuma ita ta yi tasiri fiye da duk wani bidiyo da aka haska a ranar.

Daga baya kamfanonin suka ga ba dole sai sun kashe kuɗi a zaure ba. Nintendo ta fara nata shirin bidiyo na intanet, Direct, a 2011, Sony ta ƙi zuwa E3 a 2019, korona ta hana na 2020, na 2021 aka yi shi ta intanet, a Disamba 2023 masu shirya shi suka ce an rufe shi har abada. Saura su Gamescom a birnin Kolon na Jamus, da Tokyo Game Show, da Summer Game Fest. Amfanin sanin wannan a gare ka shi ne yanzu kamfani ba ya zuba duk kayansa a tabarma ɗaya. Yana iya yin shiru a watan Yuni, ya fito da babban abu a Satumba ta wani ɗan bidiyo na minti ashirin.

Sannan rumfar ta rame ne don kayan sun yi wuyar haɗawa. Rockstar ta fitar da GTA III a 2001, Vice City a 2002, San Andreas a 2004, uku a cikin shekara uku, duka a PS2. Daga GTA V na 2013 kuwa aka haura shekara goma ba a ga magajinsa ba. Takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka a 2023 sun nuna The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma miliyan 212. Wasan da zai ci wannan kuɗin, da ɗaruruwan ma'aikata, da shekara biyar ko shida, ba a samun sa duk damina. Dole wata shekarar a zo hannu rabbana. Ni a ganina kamfanin da ya yi shiru don ba shi da abin nunawa ya fi min wanda zai haska min suna ya bar ni ina jira shekara bakwai. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Yanzu ga inda na fi so ka buɗe kunne. Mutanen da ka karanta zaginsu, yawancinsu ba rayuwarku ɗaya ba. A taron BlizzCon na Nuwamba 2018, kamfanin Blizzard ya rufe taro da sanar da Diablo Immortal, wasan waya. Zauren cike yake da masu buga gem a kwamfuta da suka biya kuɗin tikiti suna jiran Diablo na huɗu, sai suka yi ta ihun ƙi. Ɗaya daga cikin masu haɗa wasan, Wyatt Cheng, ya ce musu, "Wai ba ku da waya ne?" Wannan maganar ta zama abin gori na shekaru. Sun yi gaskiya a nasu ɓangaren, an tara su an nuna musu abin da ba nasu ba. Amma ka je Farm Centre da yamma ka tsaya minti goma, ka ƙirga matasan da suka juya waya a kwance suna buga PUBG ko Call of Duty ko eFootball. A nan waya ita ce na'urar gem ta talaka. Abin da ya zama cin fuska a Kalifoniya, a Tarauni albishir ne.

Haka nan abin da su ba ya damun su, kai yana iya karya ka. Mutumin da yake da intanet na wata-wata marar iyaka da wuta awa 24 ba ya jin komai in an ce wasa ya haura gigabayit 100, ko an ce sai da intanet yake buɗewa. Kai kuwa ka san nawa datar za ta ci, ka kuma san yadda zuciya take yi in an ɗauke wuta saura kaɗan saukewa ta kammala. A Satumba 2024 da Sony ta bayyana PS5 Pro a kan dala 700 babu ramin faifai, sai ka saye shi daban a kan dala 80, wannan karon fushinsu da namu ya haɗu, amma namu ya fi nauyi. A 2013 dala tana wajen naira 160, wato kuɗin PS4 bai kai dubu saba'in ba kafin dako da kwastan. A 2024 dala ta haura naira 1,500, dala 700 ta wuce miliyan guda. Sai kuma wasannin da rayuwarsu take rataye a kan sabar kamfani, wato kwamfutar da take riƙe da wasan ta intanet. Wasan Sony mai suna Concord ya fito ranar 23 ga Agusta 2024, ranar 6 ga Satumba aka kashe shi aka mayar da kuɗi. Sati biyu. Faifan San Andreas da aka buga sama da shekara ashirin da suka wuce kuwa, in bai karce ba, yau ka sa shi zai tashi.

Sanarwar da ta fi shafar shagunan garin nan a 'yan shekarun nan ma ba a wani babban zaure aka yi ta ba. A Yuli 2021 Konami ta ce ta ajiye sunan wasan ƙwallonta PES, ta koma eFootball, kyauta, ta intanet. Da ya fito ranar 30 ga Satumba, babu Master League, sashen da kake riƙe ƙungiya kaka bayan kaka, ƙungiyoyi 'yan kaɗan, ga kurakurai a fuskokin 'yan wasa, har ya zama wasan da ya fi kowane samun mummunan sakamako a Steam, kantin intanet na gem ɗin kwamfuta, a lokacin, kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Shagunan unguwa da yawa suka tsaya a kan PES 2021, ana sabunta musu 'yan wasa da riguna, wasu kuma suka koma FIFA, wanda shi ma ya zama EA Sports FC a 2023. Irin wannan labarin ne ya kamata mai shago ya kwana yana bibiya, don ƙwallo ce take kawo kuɗin cefane.

Ka ɗauki littafin shagonka ka duba na wata guda. Na yi imani a cikin duk awa goma da aka biya, bakwai ko takwas ƙwallo ce, sauran Mortal Kombat da GTA da ɗan abin da ba a rasa ba. Yaron da ya taso daga makaranta ya zo da 'yan canjinsa don ya rama cin da abokinsa ya yi masa jiya bai san an yi wani taro ba, kuma ko ya sani ba ruwansa. In PS4 ce a shagonka kamar yawancin shagunan Kano, FC 24 da FC 25 duk sun hau ta, God of War Ragnarök na 2022 ma haka. Cikin waɗanda suka bar ta a baya akwai Mortal Kombat 1 na 2023 da Tekken 8 na 2024, kuma GTA VI ba zai hau ta ba. Wannan shi ne dalilin sayen sabuwa in za ka saya, ba abin da aka nuna ko aka ƙi nunawa a daren jiya ba.

Canja sheƙar kuwa, ka yi lissafinta da kyau. Na taɓa samun wani kwastoma, ɗalibi ne a lokacin, ya shigo min da sassafe idonsa jajir da rashin barci, rungume da na'urarsa a cikin zanin gado, da hannu biyu da faifai tara. Ya ce in saya ko nawa ne, ya gama da kamfanin nan. Na ba shi kujera na ce ya bari zuwa Juma'a, ya ƙi. Na saya a farashin kasuwa, ya cika kuɗi ya ɗauki ta ɗaya kamfanin. Bai yi wata huɗu ba ya dawo. Abokansa duka suna kan waccan, ba wanda zai yi musayar faifai da shi, hannunsa ɗaya ya fara jan gefe kuma an rasa kayan gyaransa a kusa. Ya sake sayen irin tasa ta da, ya yi asara sau biyu. Shi mutum ɗaya ne. Kai mai shago ne, in ka canja sai ka canja hannaye, ka canja faifai, ka koya wa yara sababbin maɓallai, kuma su yaran ba za su jira ka ba, shagon gaba za su wuce.

Saboda haka ga abin da zan yi da a ce ni ne. Zan bar kuɗin su ƙara wata biyu ko uku, in ga an sa wa wasan ƙwallon bana rana, in ga jerin na'urorin da zai hau, in ga mutane na gaske sun buga an ɗauka ba tirela ba. In lokacin saye ya yi, mai ramin faifai zan ɗauka ko da ta fi tsada, guda ɗaya tak, in ajiye ta a kan babbar talabijin da kuɗin awa daban, in ga ko unguwar za ta iya biya kafin in ƙaro ta biyu. In ta hannu ce, ba zan biya ba sai an kunna ta a gabana ta yi awa guda tana aiki, in saurari fankarta, in duba ko an taɓa kwance ta, in tabbatar ba a toshe ta daga hawa intanet ba.

Kafin nan kuma ka ciri kaɗan daga cikin kuɗin ka kula da waɗanda suke ciyar da kai yanzu. Jiya-jiyan nan na buɗe wata PS4 da aka kawo wai tana kashe kanta ana tsakiyar wasa. Ƙurar hunturun bara ce ta daskare a bakin fanka kamar auduga, man da ke kan ƙwaƙwalwarta ya bushe ƙamas. Na share, na sa sabon mai, ta koma shiru kamar sabuwa. In naka sun yi shekara ba a buɗe su ba, ka kawo su biyu-biyu don kada shago ya tsaya, ka haɗo da hannayen da suka fara jan gefe. Sitabilaiza ma ka duba ta, in ta fara wannan ƙarar ta ƙyas-ƙyas in wuta ta yi ƙasa, ita za ka fara canjawa.